Yadda Na Kai 'Yar Yaya Ingila

Ƙarar cokali ce a jikin kofin shayi. Yaya Binta tana da wata ɗabi'a, idan tana juya shayi sai ta yi ta kaɗa cokalin, ƙil-ƙil-ƙil, ko da sukarin ya daɗe da narkewa. Ranar muna zaune a falonta na nan Nassarawa bayan la'asar, maigidana yana yi mata bayanin karatun da ya samu a Ingila, da cewa an yarje masa ya tafi da iyali. Sai na ji ƙarar ta ɗauke. Na ɗaga kai. Yaya ta ajiye cokalin a kan faranti, ta ce, "To ku tafi da Nusaiba."

Yarinyar da Yaya ta ambata ni na haife ta, kuma ita ce ta fari. Yaya Binta uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar da aka yaye yarinyar, Yaya ta zo da sabon zane ta goya ta, ta tafi da ita gidanta, layi biyu tsakaninmu. Ba ƙwace aka yi mini ba, da yardata ne. Ta tashi tana kiran Yaya Mama, ni kuma Anti. Ni ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. 'Yar fari ce, akwai kunya. Idan zance ya kama sai in ce 'yar Yaya. Unguwa kuwa da sunan ƙaninta ta san ni, Maman Sadik.

A lokacin tana da shekara tara, Yaya kuma ciwon ƙoda ya fara cin ƙarfinta, ana kai ta asibiti wankin ƙoda. Ta ce, "Ba na so ta riƙa ganin ana ɗauko ni daga mota kamar buhu. Aro na ba ku. Ku dawo mini da ita da Turancinta, ta zo ta riƙa yi wa likitocin nan faɗa."

Zangonmu na farko bakin titi ne. Tun muna Kano maigidan ya haɗu ta waya da wani ɗan ƙasarmu da ya ce yana sama wa ɗalibai masauki. Ya turo hotunan gida har da ciyawa a tsakar gida, aka biya shi. Da tasi ta sauke mu a adireshin, shagon aski muka tarar, a kulle. Wayar mutumin a kashe. Ana yayyafi mai sanyin da ban taɓa sanin akwai irinsa ba, wanda yake bi ta safa ya kama ƙashi. Sadik yana kuka a bayana, maigidan yana kai da komo da waya a kunne. Yarinyar kuwa ta zauna a kan akwati, ba ta yi kuka ba. Ta fito da wani mayafin Yaya da ta ɓoyo a jakarta, ta tura hancinta a ciki. Daga inda nake ina jin ƙamshin turaren wutar Yaya. Raina ya so in jawo ta cikin hijabina in rufe. Abin da bakina ya iya kawai shi ne, "Ke, gyara hularki."

Wani dattijo ɗan Somaliya mai kula da masallacin unguwar ne ya gan mu. Bai tambaye mu dogon labari ba, ya ja akwati biyu ya yi gaba. A ɗakin saman masallaci muka zauna har ya samo mana wani ɗan gida a kan shagon soya kifi da dankali. Bangon yana tsatsafar ruwa, kayanmu duk ƙaurin mai. Allah ya saka wa bawan nan da alheri, ko sunansa ban riƙe daidai ba, amma ina sa shi a addu'a.

A matakalar gidan nan na samu Hajiya Rabi. Ina yi wa Sadik faɗa ya daina tsalle, sai na ji murya daga ƙasa, "Wace Bahaushiya ce take mana tsawa a nan?" 'Yar zangon Kumasi ce, ta daɗe a ƙasar, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, gidanta yana jikin namu. Da yamma ta hawo da shinkafa da wake da yaji mai zafi. Na ci ina hawaye, na ce yajin ne. Ta ce, "Ƙanwata, kowa da yajin yake fakewa a watan farko."

Zango na biyu shi ne kewa, kuma shi ya fi tsawo. Maigidan yana jami'a da rana, ƙarshen mako yana ɗaukar kaya a wani babban sito. Magariba tana faɗawa tun yara ba su gama cire kayan makaranta ba. Kiran salla waya ce take yi mini. Sai in tsaya a taga ina tuna Nassarawa da safe: kurciyoyi a kan darbejiyar ƙofar gidanmu, rediyon maigadi, masallatai suna karɓa wa juna kira daga nan har Tudun Murtala, mai kayan miya yana ƙwanƙwasa get da ɗan makullin kekensa. A can Ingila kuwa, sai ƙarar bas da shiru.

Kewar yarinyar ta fi tawa. Kullum ta dawo makaranta sai ta karɓi waya ta zauna a matakala ta kira Yaya. "Mama, yau na ga ƙanƙara tana saukowa kamar auduga." "Mama, wata yarinya ta ce in ba ta ta taɓa kitsona." Ni ina kicin, sai in kashe famfo don in ji. Ta haka na san wace ce ƙawarta, wane darasi ne yake ba ta wuya. Ni ba ta ba ni labari, ni ma ban san ta inda ake tambaya ba.

Kitso ne kaɗai ya haɗa jikinmu. A Kano mai kitso take zuwa gidan Yaya, a can kuwa dole ni. Ranar farko ta sa kanta tsakanin gwiwoyina, na fara tsefewa. Rabona da riƙe kan nan tun yana cika tafin hannu ɗaya. Ta ce, "Anti, Mama ba ta barin a ja mini haka." Na sassauta. Na riƙa jan kitson da gangan yana daɗewa, ina tsefe wanda bai lalace ba.

Tana taya ni aiki kamar kowace 'ya mace a gidansu: wanke-wanke, shara, kula da Sadik idan na sauka sayen burodi. Ban taɓa kawo wa raina wani zai ga laifi a wannan ba.

Zango na uku makarantarsu ce. Aka kira taron iyaye da malamai, maigidan yana da aiki, ni na je. A jikin ƙofar ajin an manna kalmar nan ta Turanci, parent, da manyan haruffa masu launi. Na san ta tun sakandare, malamarmu ta ce mana uwa ko uba. A lokacin ban ga abin wuya a ciki ba. Mu da muka tashi muna ce wa ƙannen uwa da yayyen uba da maƙwabta iyayenmu, na ɗauka tasu ma haka take da faɗi.

Malamar matashiya ce mai jan gashi da fara'a. Ta zaunar da mu a kan 'yan ƙananan kujeru, ni da yarinyar, Sadik a cinyata yana wasa da hijabina ina shafa kansa. Ta yi ta yabo: lissafinta, natsuwarta, yadda ta kama Turanci da wuri. Zuciyata kamar ta fashe don daɗi, amma na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. A wurinmu idan ana yabon ɗan fari, uwa yi take kamar ba ta ji ba.

Malamar ta ce, "Lallai kina alfahari da 'yarki."

Na fahimce ta sarai. Amma bakina ya riga ni, ya ba da amsar da ya saba bayarwa a gidan biki da gidan suna shekara da shekaru. Na ce da Turanci, "'Yar yayata ce."

Biron da take juyawa a hannu ya tsaya, kamar cokalin Yaya.

Ta ce, "To ina mahaifiyarta?"

Kafin in haɗa magana yarinyar ta ce, "Mama tana Kano, ba ta da lafiya."

Malamar ta dube ni. "Amma a wurinmu ke aka rubuta uwarta. Ke ce ko ba ke ba ce?"

Na juya, sai na ga yarinyar ta zuba mini ido. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata. Ta sani irin sanin da yara suke yi, daga tsokanar 'yan uwa da raɗar manya, amma daga bakina ba ta taɓa ji ba. Na yi murmushi kawai. Malamar ba ta mayar mini da murmushin ba.

Bayan 'yan kwanaki aka kira maigidan aka ce ma'aikaciyar hukumar kula da yara za ta zo gida. A nan muka ji sauran. Ashe an taɓa sa su rubutu a aji kan gidajensu, ta rubuta cewa tana so ta koma wurin Mamanta, a gidan Anti tana wanke-wanke tana rainon ɗan Anti, kuma Anti ba ta taɓa kiran sunanta ba. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne zama mini a ƙirji. Ashe tana lura.

Hajiya Rabi ta dafe kai. "Innalillahi! Ƙanwata, kin kunna wuta da hannunki. Mutanen nan sun sha ganin ana kawo 'ya'yan wasu da sunan 'ya'yan ciki, a mai da su 'yan aiki. Ba sharri suke nema miki ba, tsoro suke ji wa yarinyar. Idan ba su gamsu ba, ɗauke ta za su yi su kai wani gida har a gama bincike."

Na ce, "Wani gida? Gidan wa?"

"Gidan wanda suka ga dama. Kalmar nan da kika gani a ƙofa ba irin iyayenmu ba ce da kowa yake shiga. Wanda ya haifa ne, ko wanda kotu ta damƙa wa. Anti ba ta ciki, ko da ita ta tauna ta ba yaro."

Maigidan ransa ya ɓaci. "Haba Maman Sadik, kalma ɗaya fa. E kawai za ki ce."

Na ce, "Kai ka taɓa kiran sunanta a gaban Babanku?"

Ya miƙe. Ya ɗauki buta.

Ba kunya kaɗai ce ta riƙe ni ba. Yaya tana kwance, ba ta da komai a duniya da take kira nata sai yarinyar nan. In buɗe baki a gabanta in ce tawa ce, gani nake kamar na shiga ɗakin marar lafiya na zare bargon da ta rufa. In kuma na yi shiru, amanar da ta ba ni za ta kwana a gidan da ban sani ba, wurin mutanen da ba su san tana tsoron kare ba.

Da safen ranar da ma'aikaciyar za ta zo, bayan yarinyar ta tafi makaranta, na kira Yaya ta bidiyo. Ta rame, ɗankwalin ya yi mata yawa. Ta saurare ni har na gama, sai ta yi dariya har da tari.

"Hadiza, ke dai ba ki da dama. Kin ɗauki kunyar Kano kin zuba a akwati kin kai wa Turawa? Sun ce miki suna so?"

"Yaya, a gabanta fa za su ce in faɗa."

"To ki faɗa mana. Ƙarya za ki yi? Ni ina wurin ranar da kika haife ta, ni na riƙe miki hannu kina ta kiran Inna."

"Taki ce, Yaya."

Dariyar ta sauka. Ta ce, "Tawa ce, kuma ba bakinki ne zai cire ta daga hannuna ba. Amma ki ji ni da kyau. Ba don Turanci na ce ku tafi da ita ba. So nake ta saba da ke tun ina da rai. Idan kika bari aka kai mini 'ya gidan wasu saboda nauyin baki, ban yafe ba. Ki buɗe baki ki kira ta. Ni na sa ki."

Yaya ba ta ga dawowarmu ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Har yau idan na bi ta layinsu na ga furannin da suka leƙo ta saman katangarta, sai in ji kamar in na tura get zan ji ƙarar cokalin nan. Amma wannan maganar tata ita na riƙe a ranar.

Ma'aikaciyar ta zo bayan an taso makaranta. Dattijuwar Baturiya ce mai furfura, ta cire takalminta a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba. Hajiya Rabi ta bar aikinta ta zo don ta fassara inda Turancina ya gaza. Matar ta fara ganawa da yarinyar su biyu a ɗaki, mu muna falo. Ni dai Hasbunallahu nake ta ja a zuci. Da suka fito maigidan ya miƙa mata fasfo da shaidar haihuwa. Ta duba ta ajiye. Ta ce takarda ta faɗi abu ɗaya, uwa da 'ya sun faɗi wani, ita kuma yau za ta yanke ko yarinyar za ta ci gaba da zama a nan.

Ta juyo wurina. Ta ce in ba ta labarin yarinyar, duk abin da na sani.

Na fara da Turanci, ya ƙare mini, na koma Hausa, Hajiya Rabi tana bi. Na ce ba ta cin albasa, tsince ta take yi ta jera a gefen faranti. Na ce tabon da ke ƙarƙashin haɓarta daga bishiyar mangwaron gidan Yaya ta faɗo, ranar tana sanye da riga ruwan ɗorawa. Na ce idan barci ya fara ɗaukarta kunnenta na hagu take kamawa, tun tana nono haka take. Na ce da ta yi ƙyanda tana ƙarama, a kicin ɗin Yaya na tare ina dama kunu ana kai mata, ban shiga ɗakin ba saboda surukai sun cika shi, ta tagar baya nake leƙenta. Na ce a Kano duk safiya motar makarantarsu ta ƙofar gidanmu take wucewa, shi ya sa ban taɓa barin kowa ya share ƙofar gida ba sai ni.

Ban san ina da wannan maganar duka a ciki ba. Ban dubi yarinyar ba, amma na ji ta daina motsi a kujera.

Matar ta ce, "Tun da na shigo ba ki kira sunanta ba. Me ya sa?"

Hajiya Rabi ta yi mata bayanin ɗan fari da kunya da riƙo, har ta ce ita ma uwarta ba ta taɓa kiran sunan babban wansu ba. Matar ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai. Ta ce ba ta zo rushe al'adar kowa ba. Amma akwai yarinya a ɗakin nan da ba ta tabbatar ko ta wa ce a gidan ba, kuma ita wannan ne aikinta. Ta ce, "Za ki iya gaya mini, tana ji, wace ce ita a wurinki?"

Maigidan ya sunkuyar da kai. Hajiya Rabi ta taɓa gwiwata, ta ce a hankali, "Bismillah, ƙanwata."

Na ɗaga ido na dubi yarinyar. Da Hausa na fara, don na fi so ta ji shi da harshen da aka yi mata huɗuba.

"Nusaiba 'yata ce. Ni na haife ta, da hantsi, ana ruwa. Yayata ce ta raine ta, ita ma uwarta ce, ta fi ni ma. Amma Nusaiba 'yata ce."

Sunan ya fito mini wani iri, kamar na sa sabon takalmi. Na maimaita da Turanci. Matar ba ta jira fassarar Hajiya Rabi ba. Ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar, ba tawa ba. Sannan ta ce za ta sake leƙo mu nan gaba, amma ba inda za a kai ta. Tana sa takalmi a bakin ƙofa ta ce da ni, kalmar tasu ta parent mutum biyu ta saba ɗauka, amma ta ga yaran da ko ɗaya ba su samu ba, don haka ba za ta yi faɗa da mai uku ba.

Maigidan ya raka ta ƙasa, Hajiya Rabi ta ja Sadik gidanta. Ni na kwashe kofuna na shige kicin, fuskata tana zafi kamar na fita titi ba mayafi. Na buɗe famfo na yi ta wanke kofin da ya riga ya fita.

Na ji takun yarinyar a bayana. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ɗauki tsumma ta fara goge cokula ɗaya bayan ɗaya, tana sa su a aljihun tebur. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Kafaɗarta tana taɓa hannuna kaɗan, ba ta matsa ba.

Can ta ce, "Anti."

Na ce, "Na'am."

Ta miƙa hannu ta kashe famfon.

"Ashe kin iya faɗinsa. Sake faɗa in ji."